Daga Gora Zuwa Tiyub: Wasan Ruwa a Kogunan Minna da Hanyoyin Tsira da Rai

Gabatarwa

Duk wanda ya san garin Minna ya san cewa da zarar zafin bazara ya kankama, musamman a watannin Maris da Afrilu, bakin ruwa kan zama dandalin yara da samari. Daga Kogin Chanchaga da ke kudu da gari, zuwa bakin madatsun Tagwai da Bosso, har zuwa Gurara ga masu kuɗin mota, za ka iske su suna ta tsalle suna faɗawa. A cikinsu kuwa ba a rasa mai rataye da baƙar robar nan ta cikin tayar mota, wadda aka hura ta yi tim. Wasu na kiran ta tiyub, wasu tub, na kuma ji tsofaffin direbobi na cewa cub. Duk dai kalma ɗaya ce aka aro daga Ingilishi, kowane baki ya lanƙwasa ta yadda ya ga dama. A wannan ɗan rubutu zan yi amfani da tiyub.

Manufata ita ce in yi wa 'yan'uwana ɗalibai bayanin abin da wannan roba ke iya yi wa mutum a cikin kogi, da abin da ba za ta taɓa iya yi masa ba. Da yawanmu muna da ƙanne a gida, wasunmu kuma aji za su shiga su koyar bayan kammala karatu, don haka maganar ta shafe mu.

Ni ba da Hausa na buɗe baki ba, ɗan Gbagyi ne, a kasuwa da makaranta na tsince ta. Wataƙila shi ya sa wasu maganganun da Bahaushe ke furtawa ba tare da ya tsaya ya dube su ba, ni sukan tsayar da ni. Ɗaya daga cikinsu ita ce "ruwa ya ci shi". Ba a ce mutum ya yi kuskure ba, ba a ce ya gaji ba, an mai da ruwa wani mai baki da ciki, shi ne mai aikatawa, mutum kuwa abin da aka aikata wa. A nahawu wannan jumla ba ta da aibi. Amma a bakin kogi tana ɓoye tambayar da ya kamata a yi, wato ta yaya aka yi har ya ci shi?

Gora da Masu Ita

Hawa wani abu mai iska a ciki don a yi yawo bisa ruwa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa da maƙwabtanta. Wanda ya taɓa kallon bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro a sigarsa ta yanzu a shekarar 1934, ya ga yadda dubban masunta ke rugawa cikin Matan Fada, kowa da homarsa da ƙatuwar gorarsa. Gorar nan aiki biyu take yi: a kanta masunci ke kifa cikinsa ya yi iyo, a cikinta kuma yake zuba kifi. Amma abin lura shi ne ba gorar kaɗai ke riƙe da shi ba. Tun yana yaro yake bin mahaifinsa, ya san gurbi, ya san inda ruwa ke juyawa, sannan akwai Sarkin Ruwa wanda sai ya ba da izini ake shiga. Haka abin yake a wajen Sarkawa na ƙasar Kabi da Yawuri. A ƙasar Nufe ma akwai Kede, mutanen jirgi, waɗanda sarkinsu Kuta ke zaune a Muregi, inda Kogin Kaduna ya haɗu da Kwara. Duk waɗannan al'ummu sun gaji abin hawa tare da ilimin hawansa.

Tiyub kuwa daga wurin mai faci ya zo, shi kaɗai, ba ilimi ba sarki. Yaro ya ba da 'yan kuɗi kaɗan, a hura masa, ya nufi rafi. Kuma tun da yawancin ƙananan motocin yanzu tayoyinsu ba su da tiyub, wanda ke zuwa hannun yara galibi na manyan motoci ne ko na tarakta, wanda ya gama aikinsa, ya sha faci har ya gaji. A nan matsalar take a ganina. Mun ɗauki gora mun bar masunci.

A wasu ƙasashe abin ya zama sana'a sosai. A garin New Braunfels na jihar Texas ta Amurka, dubban mutane ke hayar tiyub su bi kogunan Comal da Guadalupe a lokacin zafi, akwai wurin shiga, akwai wurin fita, akwai dokar hana shiga da gwangwani da robar da ake yarwa. A garin Vang Vieng na ƙasar Laos kuwa, inda aka haɗa wasan da shan giya a bakin Kogin Nam Song, baƙi aƙalla 27 suka mutu a shekarar 2011 kaɗai, har sai da gwamnati ta rufe mashayun bakin kogin a 2012. Roba iri ɗaya ce a wuraren biyu, tsarin ne ya bambanta.

Abin da Tiyub Ba Ya Yi

Tiyub yana ɗaga mutum sama, wannan gaskiya ne. Amma ba ya riƙe mutum, mutum ne ke riƙe shi. Roba ce mai santsi idan ta jiƙe, ba ta da mariƙi, kuma ramin tsakiyarta ya fi ƙugun yaro faɗi. Idan igiyar ruwa ta buge shi ta gefe, ko aboki ya faɗo masa da wasa, sai ya kife, yaro ya zurma ta tsakiya ko ya sulluɓe ta baya. Shi kuwa tiyub da ya rabu da nauyi sai ya yi gaba da sauri fiye da mai shi, iska ma na taya shi gudu. Wanda ya dogara da shi don bai iya iyo ba, a wannan daƙiƙa ba shi da komai, kuma ga shi a tsakiyar zurfin da da ƙafarsa ba zai taɓa kai kansa ba. Wato tiyub ne ya kai shi inda ya fi ƙarfinsa, sannan ya bar shi a can.

Na biyu, ba shi da linzami. Mai kwalekwale yana da filafili ko gwangwala, mai tiyub kuwa tafin hannu kawai gare shi. Inda ruwa ya nufa nan zai je.

Na uku, iskar da ke ciki ba amana ba ce. Baƙar roba na zuƙar zafin rana, iskar ciki ta kumbura, tsohon faci ya ɗago. Ƙaya, tsinin dutse, tsohon ƙarfe ko fasasshiyar kwalba duk suna iya huda shi. Ga kuma bawul, wannan ɗan ƙarfe mai tsini da ke leƙowa ta cikin da'irar, wanda ke yankar cinya da haƙarƙari. Jarkar da wasu yara ke runguma ma ba ta fi shi ba, murfi na kwancewa ta cika da ruwa.

Rigar ceto, wadda wasu ke kira rigar kariya, ta bambanta da duk waɗannan ta fuska ɗaya mai muhimmanci: a jiki take ɗaure. Ko mutum ya firgita, ko hannunsa ya mutu, tana nan tare da shi. Saboda haka mai hawa tiyub a kogi yana bukatar ta kamar yadda fasinjan jirgi ke bukata. Na san za a ce ina yaron Chanchaga zai samo ta. Amsata ita ce, wanda ba shi da ita kuma bai iya iyo ba, iyakarsa ruwan da bai wuce ƙugunsa ba, a wurin da ruwan ke kwance.

Kogin Jiya Ba Shi Ne na Yau Ba

A nan nake so in ɗan daɗe, domin nan ne ko gwanaye ke faɗawa.

Mu fara da nauyi. Ruwan da zai cika akwati mai tsawon mita ɗaya, faɗin mita ɗaya da zurfin mita ɗaya, nauyinsa kilo 1,000 ne, wato buhun siminti 20. Kuma ƙarfin da ruwa ke tura mutum da shi ba daidai da gudunsa yake ƙaruwa ba. Idan gudun ya ninka sau biyu, ƙarfin turin sau huɗu yake ninkawa. Shi ya sa ruwa mai gudu da bai wuce inci 6 ba, wato iya idon sawu, yake iya kayar da babban mutum. Game da iyo kuwa, ɗan ƙasar Sin Pan Zhanle, wanda ya kafa tarihin duniya a tseren mita 100 a gasar Olamfik ta birnin Paris a 2024, ya yi shi ne cikin daƙiƙa 46.40. Idan aka lissafa, mita biyu da 'yan kai ke nan a kowace daƙiƙa, a ruwa mai kwanciya, na ƙasa da minti ɗaya. Kogin da ya kawo a watan Agusta yana iya yin wannan gudu yini guda bai huta ba. To ina ga ni da kai? Karin maganar nan da ke cewa gwani ruwa kan ci ba habaici ba ne, lissafi ne.

Sai kuma yadda kogi ke canjawa. Daminar Minna takan fara ne wajen Afrilu ta kai Oktoba, ta fi ƙarfi a Agusta da Satumba. Amma ba ruwan da ya sauka a kanka ne ke cika kogi ba, wanda ya sauka a can sama ne. Ana iya yin rana tsaka a inda kake, alhali an kwana ana tafka ruwa a tuddan da ke ciyar da kogin. Alamunsa ba su da wuyar ganewa ga mai lura: ruwan ya rikiɗe ya yi ja, ya fara kawo kara da itace da kumfa, ƙararsa ta ƙaru, dutsen da kuka ajiye riguna a kai ya fara jiƙewa. Duk wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan ya fita, kada ya tsaya neman takalmi. Mutanen Jihar Neja ba sa bukatar a yi musu dogon bayani kan saurin ruwa bayan abin da ya auka wa garin Mokwa a ranar 29 ga Mayu, 2025, inda ambaliya ta zo da asuba ta hallaka mutane fiye da 150.

Jiharmu kuma tana da wani abu da sauran jihohi ba su da shi da yawa haka, wato manyan madatsun lantarki. Akwai Kainji da aka gama a 1968 da Jebba a kan Kwara, akwai Shiroro da ta fara aiki a 1990 a kan Kogin Kaduna, ga kuma Zungeru da aka kammala a 2023 a ƙasa da ita. Kogin da ke ƙasan madatsa ba da damina kaɗai yake tashi ba. Idan aka ƙara injinan da ke aiki, ko aka buɗe ƙofofi don rage ruwa, zai ɗago ko da sama ba ɗigon hadari. Wanda ke wasa a wajajen Zungeru ko Wushishi ya san cewa hannun ɗan'adam na cikin abin da ke juya ruwan da yake ciki.

Ƙananan shingayen kankare da ake gittawa a rafi don tara ruwa su ma abin tsoro ne, ko da tsayinsu bai kai mutum ba. Ruwan da ya zubo ta kansu yakan nutsa ƙasa, ya taso, ya komo baya, ya yi ta juyawa kamar ana tuƙa tuwo. Abin da ya faɗa ciki ba ya wucewa, sai ya yi ta nutsewa yana tasowa a wuri ɗaya. Ruwan wurin kuma cike yake da kumfa, ba ya ɗaukar nauyi kamar sauran ruwa. Haka gindin magangarar Gurara yake, sai dai nata ya fi girma nesa ba kusa ba, tun da daga tsayin kusan mita 30 ruwan ke faɗowa. Gurara da rani wurin shaƙatawa ne mai kyau, da damina kuwa abin kallo ne daga nesa. A kowane lokaci dai, saman magangara ba wurin tiyub ba ne.

Akwai kuma itacen da ya faɗo ya gitta a ruwa, da saiwoyin bakin gaɓa, da tarin shara a ƙafar gada. Waɗannan kamar rariya suke, ruwa ya wuce, mutum ya maƙale, ƙarfin kogi ya danne shi a jiki. Ga ramukan da masu haƙar yashi da masu wankin zinariya ke bari a ƙasan ruwa, inda mutum ke tafiya iya gwiwa, taku ɗaya ya ji ba ƙasa.

Bari in ɗan ratse a nan. Kusan kowane gari na bakin ruwa yana da wani gurbi da manya ke hana shiga, su ce akwai 'yan ruwa ko wani abu mai ja. Mu 'yan boko mukan yi murmushi. Ni dai ba zan shiga gardamar abin da ke ciki ba, amma na lura cewa irin waɗannan wurare kusan kullum su ne masu zurfi, masu juyi, ko masu kogon dutse a ƙasa. Haramcin taswira ce da aka zana da gawarwakin mutanen da suka gabata. Wanda ya ƙi dalilin da aka ba shi, to kada ya ƙi taswirar.

In Dai Sai An Shiga

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin a jiƙa ƙafa, a taka bakin kogin a ga inda za a shiga da inda za a fita, da abin da ke bayan kwana. A tambayi masunta ko masu fito na wurin, su ne ɗakin karatun wannan fanni. A faɗa wa wani a gida inda za a je. Kada mutum ya shiga shi kaɗai, kuma a bar mutum ɗaya a tudu wanda aikinsa kallo ne kawai, ba danna waya ba, da igiya ko doguwar gwangwala a kusa da shi. Amma kada a ɗaure tiyub a jiki da igiya, kada kuma a ɗaure shi da na aboki, domin igiya a ruwa mai gudu tarko ce. Ba a shiga da doguwar riga ko zani mai naɗe ƙafa. Ba a shiga bayan la'asar ta yi sanyi, ba a shiga ana walƙiya. Wanda ya sha wani abu mai gusar da hankali, ko mai farfaɗiya da ba mai kula da shi, ba shi ba ruwa. Faɗawa da ka a ruwan da ba a ganin ƙasansa kuwa ya karya wuyan samari da yawa a duniya.

Idan tiyub ya kife a wuri mai gudu, abin da jiki zai fara cewa shi ne a miƙe tsaye. Kada a bi shi. Ƙafa na iya shiga tsakanin duwatsu ta maƙale, ruwa ya kifar da mutum ta fuska, ko da zurfin bai wuce ƙugu ba. A kwanta rigingine, ƙafafu a sama suna fuskantar inda ruwa ya nufa don su tare dutse, a riƙa karkata da hannu zuwa gaɓa a hankali. Kada a yi kokawa da kogi don komawa inda aka faɗa, kada kuma a bi tiyub. Sai ruwa ya lafa sannan a taka ƙasa.

Haƙƙin Masu Ruwa

Kogin da muke wasa a ciki tukunyar wasu ce. Daga Chanchaga da Tagwai ake tace ruwan da ke zuwa famfunan Minna, ƙauyukan da ke ƙasa kuwa kai tsaye suke ɗiba. Ledar ruwa, robar lemo, sabulu da bahaya duk wajensu suke tafiya. Kwalbar da aka fasa yau, ƙafar wani za ta samu gobe. Haka nan masunci da ya kwana yana shimfiɗa taru bai yi don tiyub ya zo ya yaga ba, mamarinsa kuma mai ɗaruruwan ƙugiyoyi ba ya bambanta tarwaɗa da cinyar mutum. A nisanci mashigin mata, a nisanci kwatar da jirage ke tsayawa, kada a tattake shukar mai lambu don neman gajeriyar hanya.

Akwai wani haƙƙi kuma da ba a cika tunawa da shi ba. Duk wanda ya jefa kansa a haɗari, ya jefa wanda zai zo ceton sa.

Idan jirgi ya kife duniya kan ji. An ji na watan Mayun 2021 da ya taso daga yankin Borgu zuwa Warra, an ji na daren 1 ga Oktoba, 2024 a yankin Mokwa, mai ɗauke da 'yan Maulidi kusan 300. Bayan irin waɗannan ne ake tuna dokokin hukumar NIWA na sa rigar ceto da hana tafiyar dare. Amma yaro ɗaya da ya tafi da tiyub bai dawo ba, daga unguwarsu labarin ba ya wucewa. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024 ya ƙiyasta cewa mutane 300,000 ne ruwa ya ci a 2021, kashi 24 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 5, kashi 19 kuma 'yan shekara 5 zuwa 14. Yawancinsu ɗaya-ɗaya suka tafi, ba a jirgi ba.

Ko an fito lafiya ma da sauran magana. Tsargiya, wadda ke sa fitsarin jini, ta fata take shiga, daga ƙwayoyin da wasu ƙananan katantanwa ke saki a ruwa mai kwanciya da ciyayi. Ba alamar balaga ba ce kamar yadda wasu ke ɗauka, cuta ce mai lalata mafitsara, kuma tana da magani a asibiti, Praziquantel.

Idan Ruwa Ya Kama Wani

A fim, wanda ruwa ke ci yakan ɗaga hannu yana kururuwa. A zahiri shiru abin yake. Bakinsa na nutsewa yana tasowa, ɗan lokacin da ya samu bai ishe shi numfashi ba balle kira. Za ka gan shi a tsaye cikin ruwa, kai a ɗage baya, hannuwa na dukan ruwa ta gefe, ba ya gaba ba ya baya. Abokai kan ɗauka wasa yake yi. Yaron da ya yi tsit a ruwa, a kira sunansa, in bai amsa ba a ɗauka da matsala.

Bahaushe ya ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Idan kai ne ka miƙa kanka, kai zai kama, ya haye kanka, a rasa mutum biyu. Don haka a fara da ihu a tara jama'a, a miƙa masa gwangwala ko rawani ko zani daga tudu, mai miƙawa yana kwance ko wani na riƙe da shi. In ya yi nisa a jefa masa abin da ke iyo. A nan ne tiyub da jarka mai murfi suke da amfani na gaske. Shiga ruwa aikin wanda ya ƙware ne, shi ma da abin iyo a tsakaninsa da wanda zai ceta.

Idan an fito da shi, a bar al'adar nan ta danna ciki ko ɗaga mutum a kife wai don ruwa ya fita. Ɓata lokaci ne, kuma yana iya turo abin da ke cikin tumbi ya toshe hanyar iska. Iska ce ya rasa, ƙwaƙwalwa kuwa takan fara lalacewa bayan minti 4 zuwa 6 ba tare da ita ba. A kwantar da shi rigingine a wuri mai tauri, a ɗaga haɓarsa, a duba ko yana numfashi. In ba ya yi, a toshe hancinsa a hura masa iska ta baki sau 5, sannan a danna tsakiyar ƙirji da ƙarfi da sauri sau 30, a hura sau 2, a ci gaba da haka ba tsayawa, wani kuma ya ruga neman mota. In yana numfashi, a juya shi ya kwanta ta gefe, a cire masa jiƙaƙƙun kaya a lulluɓe shi. Ko ya farfaɗo ya ce lafiyarsa lau, a kai shi asibiti a ranar, domin ruwan da ya taɓa huhu yana iya tayar da tari da sarƙewar numfashi bayan wasu sa'o'i.